Tiyon da Baffa Tanko Ya Ɗaura

Ranar wata Juma'a ce cikin bazarar 1972, shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama. An sauko daga masallaci, zafi ya kori kowa daga hanya, har kaji sun buɗe baki suna haki a gindin danga. Ina zaune a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a Ɗanzomo, ƙwarya a cinyata, ina ɓarar gyaɗar iri. A gabana babur ɗin Baba ne a kafe, an shimfiɗa buhu kusa da shi, an baje sifanu da notina. Ƙanen Baba, Baffa Tanko, yana tsugune ya naɗe hannun riga, yana ba wa iska labarin garejin da ya ce ya yi aiki a Kano. Shekarata goma a lokacin, kuma abin da idona ya gani a ranar har yau ban manta da shi ba.

Baba malamin dabbobi ne. Aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, daga dajin Sule Tankarkar har gefen Gagarawa. Babur ɗinsa tsohon ɗan Ingila ne, baƙi, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Da damina ba shi da laifi, amma da bazara in ya shiga rairayi sai injin ya yi zafi har ya fara wari, dole Baba ya nemi inuwar gawo ya zauna jiran ƙarfe ya huce, shanun mutane kuwa suna can suna jiransa. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari wani bakanike ɗan Damagaram ya haɗa shi da wani ɗan lagireto da bai kai faɗin allon yaro ba. Ana ɗaura shi ne a gaban inji, baƙin mai ya fito ta tiyo ya ratsa cikinsa, iska ta fifita shi, ya koma a sanyaye. Bakaniken ya haɗa masa da baƙin tiyo mai kauri, mai zare a cikinsa, da maɗaurai na ƙarfe. Niyyar Baba ya kai wa bakanikensa na Gumel. Baffa Tanko ya ce wannan ai cin fuska ne, yana gida a ɗauki aiki a kai wa bare. Kakarmu Iya ta sa baki daga zaure, ta ce a bar wa autanta ya gwada hannunsa. Baba ba ya musu da Iya.

Tare suka fara. Sun ɗaure lagireton a ƙasan fitila ke nan sai ga wani Bafulatani a guje, saniyarsa ta kasa haihuwa. Baba ya ɗauki jakarsa ya bi shi da ƙafa. Yana ba da baya Baffa ya zaro wuƙa, bai auna ba, bai gwada ba, ya datse tiyon nan. Da ya kara shi tsakanin inji da lagireto, sai ga shi ya gaza. Ya ja, ya murɗa, ya yi tsaki. Ya waiga hagu da dama, ya wurga guntun bayan rumbu, ya shiga zaure ya ɗauko siririn tiyon roba da Baba ke zuƙo fetur da shi daga duro. Shi ya yanka ya cusa, ya ɗaure bakinsa da waya, sannan ya nannaɗe shi da baƙar robar tayar keke tun daga sama har ƙasa, yadda ba mai gane abin da ke ciki. Da ya ɗago muka haɗa ido, sai ya ce, "Ke Hanne, idonki a kan gyaɗarki."

Ban yi shiru ba. Da yamma muna surfe na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, Baba ya tambayi ƙanensa a gaban Iya. Baffa ya dafa ƙirji ya rantse cewa robar ta kare tiyo daga ƙaya ce kawai. Iya ta kira ni, ta murɗe mini kunne har na ga taurari, ta ce, "A gidan nan yara ba sa kai ƙarar manya." Abin da ya rage wa Baba shi ne ya sunkuya ya warware robar nan ya duba, aikin da bai kai shan ruwa ba. Bai yi ba, don kada a ce ya ƙaryata ɗan'uwansa a kan maganar yarinya. Ina son mahaifina, Allah ya jiƙansa, amma wannan kunyar tasa na daɗe ban yafe mata ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya lafiya, har na fara zargin idona. Da asuba mu tafi rijiya, ni da 'yan matan unguwa, mu ja guga har tafin hannu ya yi kanta, don rijiyoyinmu zurfi gare su. In na dawo in share tsakar gida, in ba awaki dusa, in saɓa jaka in tafi firamare, inda muke share fili da karan dawa muna rige-rigen tsintar aduwa a bayan aji. Da la'asar makarantar allo, daga nan carafke a ƙofar gida. Ƙanena Habu, wanda bai wuce shekara biyar ba, kullum yana maƙale da zanena. Yaro ne mai kunne, duk abin da ya ji sai ya kwaikwaya: kukan kurciya, kiran mai tallan nono, har tarin Iya.

Sai sanƙarau ya shigo gari. Wata safiya Habu ya tashi jiki kamar garwashi, wuyansa ya sandare, ko haske ba ya son gani. Malamin ɗakin shan magani yana taɓa shi ya ce a kai shi Gumel yanzu-yanzu, allurar tana can. Mota ba ta biyowa sai ranar kasuwa. Inna tana jego, ba ta ko yi arba'in ba. Ni aka ɗora a bayan babur, aka sa Habu tsakanina da Baba, Inna ta ɗaure mu uku da zanenta tana kuka ba sauti.

Mun yi nisa, mun shiga wani kwari mai rairayi, injin yana nishi, sai na ji wani abu ya fashe a ƙasa. Tafasasshen mai ya feso mini a ƙauri. Na ƙwalla ƙara amma ban saki Habu ba. Baba ya tsaya, ya kwance mu, ya sa hannu ya fizge baƙar robar nan. Ga tiyon fetur ɗinsa, ya narke ya yi laushi kamar tuwon jiya, ya tsage. Ya dube shi, ya dube ni, ya kau da kai. Man ya riga ya tsiyaye, rairayi ya shanye. Ya toshe abin da zai iya toshewa, ya mayar da mu kan babur, ya tayar da shi, don ba shi da wata dabara. Ba mu kai ko'ina ba injin ya yi wata ƙara ya buga.

A nan muka bar babur ɗin a kwance. Baba ya saɓa Habu a kafaɗa, ni ina bin sa ina ɗingishi, fatar ƙafata ta tashi, rana tana dukan mu, ba inuwa sai sabara. A wata ruga aka gane Baba. Matar ardon rugar ta shafa mini man shanu tana yi mini sannu da Fillanci, mijinta ya ba mu takarkari da saurayin da zai ja shi. Tafiyar da babur zai yi kafin hantsi ya dubi ludayi, sai da rana ta yi ja muka shiga Gumel. Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, Habu ya rayu. Amma ranar da ya buɗe ido Baba ya kira sunansa daga bayansa, bai waigo ba. Aka tafa hannu a kunnensa, aka buga kwano. Bai waigo ba.

Da muka koma gida mutane suka cika tsakar gida ana jaje. Baffa Tanko yana cikinsu, ya sha wanka, yana cewa, "Ƙarfen Bature ne, ya tsufa, dama na faɗa." Iya tana gyaɗa kai tana cewa haka Allah ya rubuta. Ban san lokacin da na miƙe a kan ƙafa ɗaya ba. Na ce ƙarya yake yi, shi ya yanke tiyo, guntun yana nan bayan rumbu, a je a duba. Ba wanda ya tashi ya duba. Sai salati da aka ɗauka, wai yarinya ta yi wa baffanta rashin kunya a gaban baƙi. Aka sa ni na durƙusa, da ƙunar da komai, na ce Baffa ya yi haƙuri. Ya dafa kaina ya ce ya yafe. Shi ne ya yafe mini! Na yarda da ƙaddara, a kanta aka raine ni, kuma ban san ko da mun isa da hantsi kunnen Habu zai tsira ba. Amma na san ba ƙaddara ce ta riƙe wuƙa ba, ba ita ce ta rantse da ƙarya ba. Iyakar hukuncin da Baffa ya gani shi ne Baba ya daina cin tuwo akushi ɗaya da shi. Har Baffa ya bar duniya bai taɓa tsayawa gaban yaron nan ya sunkuyar da kai ba.

Yanzu kwalta ta ratsa inda muka ja ƙafa, mai ciwo yana isa Gumel kafin ruwan shayi ya huce, jikokina kuma in sun ce sun ga abu nakan ajiye abin da ke hannuna in je in duba. Habu ya zama tela a Gumel, ya yi furfura, yana da 'ya'ya masu ji da magana. Sai dai maganarsa ta tsaya a inda kunnensa ya tsaya. In na shiga shagonsa ya ɗago daga kan keke, yakan washe baki ya ce "Yaya Anne," yadda yake faɗa tun harshensa bai gama nuna ba. Nakan amsa, ko da yake na san ba ya ji. Muryarsa ce kaɗai ba ta tsufa ba a gidanmu.