Kujerarki a Ɗakin Rini

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, muna tsaka da matse mayafai aka aiko mana cewa kin cika a asibiti. Wanda Ya ba mu aronki Ya karɓi abinSa, mu ma gare Shi za mu koma. Yaya, shekara goma sha huɗu muka yi a ɗakin rini ɗaya, kan baho ɗaya. Na ɗauki alƙalami ne domin mu biyar da kika bari a can duk muna tari irin naki, ga shi kuma ana neman ƙara ta shida daga cikin gidanki.

Ke kika koya mini rini. Ranar da na fara, mayafi uku na ɓata, suka fito dabbare-dabbare. Kika ɗaga ɗaya sama kika ce a ajiye shi, wataƙila damisa za ta zo saye. Da muka gama dariya kika zauna kika sake ƙulle su da zare, kika tsoma, kika ce wa mai kamfani sabon zane ne. Da na haihu, wata biyu kina haɗa aikina da naki don kada a ba wata wurina. In warin sinadari ya turnuƙe ɗakin, ke kike kora masu ciki waje, ki tsaya kan bahon ke kaɗai.

Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne 'yar takardar nan da ake maƙala wa kowane mayafi. Ga hotonki kina murmushi, a ƙasa an rubuta wai aikin hannu ne na matan da ake kula da lafiyarsu. Tir da wannan kulawa. Tagarmu ɗaya ce, ita ma an buga mata ƙusa don kada ƙura ta ɓata kaya. Safar hannu da takunkumi suna cikin kwali a ofis, sai ranar da manyan masu saye za su zo duba mu ake raba mana, motarsu na juyawa a bi mu a karɓe. In kuwa mai hoto ne ya zo, sai a ce ki cire safar, wai shuɗin hannunki ne ke jan kasuwa. Kin yi sawu a ofis kan tagar nan har kin gaji, kullum amsa ɗaya ce, ana dubawa.

Ni ma ban wanke kaina ba. Baƙin nan sun taɓa tambayata ko muna da wata damuwa. Na washe baki na ce lafiya lau, alhali kina bayan labule kina danne tari. Wallahi har yau ina ƙyamar bakina.

Jiya mai kamfani ta zo gaisuwa, tana ƙamshin turare, mai hoto na biye da ita. Ta matso hawaye, ta jira aka ɗauka, sannan ta kama hannun babbar 'yarki ta ce, "Kujerar mahaifiyarki na nan, ba za mu ba bare ba. Ki zo ranar Litinin. Haka muke tallafa wa namu."

Mata suka yi ta sa mata albarka. 'Yarki kuwa, da jaririnta a cinya, ta juyo gare ni.

"Inna, ke kika san wurin. In je?"

Na ga mai kamfani ta zuba mini ido, na kuma san abincina a hannunta yake. Na san ajali ba ya saɓa lokacinsa. Amma na ce, "Kada ki je. Ɗakin rinin nan ne ya cinye huhun uwarki, kuma yana kan cin nawa."

Matar ta saɓa jakarta ta fita ko sallama babu. Yau da safe mai gadi ya tare ni a bakin ƙofar kamfani, kansa a ƙasa, ya ce an ce in huta a gida. Ki yafe mini, Yaya, maganar da ya kamata in yi kina da rai sai a zaman makokinki na yi ta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinki, Ya sada ki da rahamarSa. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki, Allah Ya ba su haƙuri da dangana. 'Yan uwana huɗu da suka shiga ɗakin nan yau da safe kuwa, Allah Ya fitar da su da ƙafafunsu, kafin a zo neman 'ya'yansu.