Malam Isuhu da Alƙalin Cikin Kwamfuta

Ku da kuka zauna da Malam Isuhu a ɗakin malamai kun san ba ya cewa "to" ita kaɗai. Sai dai "To, amma da sharaɗi." Ka ce masa bismilla ga ƙosai, ya ce da sharaɗi ba na jiya ba ne. Kai, Malam! Shi ya sa da aka rasa mai tsara jadawalin darussa a makarantarmu ta nan Kazaure, aka ɗora wa malamin lissafi, tunda dama sharuɗɗa ne abincinsa.

Wata rana ya shigo da tsohuwar kwamfutarsa a hammata, ya ce ya samo manhajar da za ta raba mu da rigimar jadawali. Kana rubuta mata sharuɗɗan kowa, ita kuma ta fitar da tsari. Na ce, "To Malam, ta fitar mana mana."

Ya harare ni. "Habibu, ba ka da haƙuri. Ita magatakarda ce, ƙara kawai take karɓa. Akwai wani injin lissafi da ake girka mata daban, shi ne alƙalin. Shi nake nema."

Neman alƙalin nan ya ci zangon karatu guda. Malam ba ya sayen data mai yawa, wai almubazzaranci ne. Ya ji an ce sabis ya fi ƙarfi a kan dutse, ya riƙa hawa da yamma yana ɗaga waya sama kamar mai kiran shaho. Abu ya kusa sauka, sai ya yanke. Daga nan wani ya ce masa a Babura ana kama layin Nijar da araha. Wallahi sai da ya hau ɗan acaɓa ya je, ya zauna gindin rumfar masu hatsi ya sauko da shi. Ya dawo yana washe baki, muka kewaye shi, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ashe na wata irin kwamfuta ne ya sauko da shi, ba irin tasa ba.

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Alƙalin ya iso, amma ba ya jin yarenmu."

Da ya samo na daidai kuma, sai wata sabuwa. Injin yana ciki, manhaja ta ce ba ta gan shi ba. Malam ya riƙa yi mata faɗa kamar ɗiyarsa: "Ga shi nan a gabanki, ke makauniya ce?" Sai da ɗan 'yar'uwarsa Nura, mai karatun kwamfuta, ya zo hutu ya duba. Ya ce, "Kawu, sunan ma'ajiyar da ka saka shi ciki ne matsalar. Ka rubuta Alƙali. Ba ta iya karanta ƙ mai lanƙwasa. Ka mayar da ita k."

Tabɗi! Ka ce zagi aka yi masa. "Alkali? Wane ne kuma Alkali? Ni zan miƙar da harafin iyayena saboda injin da bai san gaisuwa ba?"

Ya ƙi. Ya sauya sunan zuwa Mai Shari'a. Nura ya riƙe kai, ya ce, "Kawu, wannan ɗin ma da ɗan waƙafin sama, ga tazara a tsakiya." Malam ya yi ta huci. Can ya rubuta Baba, ya ce ai kowane alƙali uba ne, ba don ita ya sauya ba. Nan take ta gan shi.

Ranar gwaji ɗakin malamai ya cika. Kowa ya kawo nasa sharaɗin. Malama Hadiza daga Roni take zuwa, ba ta darasin farko. Malam Sabo ba ya nan ranar kasuwa, wai gaisuwar surukai. Kowa kuma ya ce kada a ba shi darasin ƙarshe: wannan zai ɗauko yara, wancan uwargida na jiransa da abinci. Malam ya shigar duka, ya danna, kwamfuta ta yi gurnani kamar injin niƙa. Sai ga jadawali, tsaf, ba karo ko ɗaya! Aka yi shewa.

Ni ne na fara lura. Na ce, "Malam, ai alƙalin ya cuce ka. Darasin ƙarshe na kullum, ajin da kowa ke gudu, duk naka ne."

Muka kwashe da dariya. Malam Sabo har da buga tebur: sarkin sharuɗɗa ya manta bai saka nasa ba!

Malam Isuhu ya dubi allon, ya yi ɗan murmushi. "Ban manta ba. Hukuncin daidai ne. Ni ba mai jirana a gida."

Dariyar ta yanke. Tun rasuwar Inna Rakiya, matarsa, shi kaɗai ne a gidan nan na bayan asibiti, kuma mun sani. A haka ya riƙe darasin ƙarshe har ya yi ritaya ya koma Gwiwa. In an tashi yara, sai ya zauna a aji yana goge allon da ya riga ya goge, har maigadi ya zo rufe ƙofa.

Yanzu ni ke da wannan darasin. In yara suka watse, makarantar ta yi tsit, nakan ji yadda shirun yake da nauyi, in ce ashe abin da Malam ya ɗauke mana ke nan.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ɗebe masa kewa, ya sada shi da Inna Rakiya a Aljanna, inda zai iso ya tarar ana jiransa. Amin.