Masta Aruna da Talatu

Ranar da na fara zama da Masta Aruna, zafi ne irin na Doha mai haɗe da danshi, wanda ko bango sai ya yi gumi. Shekarar korona ce. Titin gidanmu a Al Wukair shiru, ladan ma cewa yake kowa ya yi salla a gida. Ina bakin ƙofa a kujerata ta gadi, sai na ji ruri daga rumfar motoci, har ƙofar ƙarfen tana rawa. Na tashi na leƙa.

Masta Aruna ne sunkuye a kan injin mota, ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin ƙarfe, ya manna mariƙin a kunnensa, idonsa a rufe. Ya ɗaga mini hannu in dakata. Sai da ya ɗan murɗa wata ƙusa, sannan ya miƙe.

"Malam Mijinyawa, ka ji? Yanzu ya yi numfashi."

Mutumin Kumasi ne ta ƙasar Ghana, ɗan Zongo, a garejojin unguwar Magazin ya girma. A Hausarsu komai "ya" ne, har mota. Maigidanmu, wani dattijo ɗan ƙasa, shi ya kawo shi saboda mota guda: tsohuwar jar motar Amurka ta wajen shekarun saba'in, mai silinda takwas da faɗin gaba. Ran Talata aka sauke ta daga jirgin ruwa, sai Aruna ya sa mata Talatu. Nakan ce masa, "Masta, ka sa mata sunan mata kana kiranta namiji." Sai ya ce, "Shi bai damu ba, kai ne ka damu."

Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, 'yarsa Fausiya tana Kumasi. Da cutar korona ta tsananta, maigida ya kwashe iyali suka koma gona. Muka rage mu biyu, da Talatu.

Kowace safiya sai ya tashe ta. Zai danna totur kafin ya murɗa makulli, don fetur ya sauka. Ya nuna mini kafireta, wato tukunyar da ke haɗa fetur da iska a saman inji. Ya ce ita ba ta san zafi ko sanyi ba, sai mutum ya gaya mata da hannu. In danshi ya yi yawa, ya rage mata fetur. In hunturu ya shigo, ya ƙara. Abin da yake nema wani bugu ne mai ɗingishi in motar tana tsaye, kamar za ta mutu ba ta mutu ba. In ya same shi, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, mu sha shayi. Ba ya zuwa ko'ina, ba shi da abokin hira a waya. Hannunsa a cikin injin nan shi ne zamansa a Doha.

Maigida bai dawo daga gona ba. Allah ya yi masa rasuwa, motar ta zama ta ɗansa.

Ɗan ba mugu ba ne. Yana so ya hau Talatu a cikin gari lokacin gasar kofin duniya, ita kuwa in ta daɗe a cunkoso fetur kan tafasa a kafireta, ta mutu. Sai ya tura ta wani gareji aka cire kafiretar, aka sa na'ura mai ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke auna iska da zafi, ta fesa fetur da kanta. Har ya yi wa Aruna alkawari, ranar da Ghana za ta buga su biyu za su fita da tuta.

Da aka dawo da ita, murɗa ɗaya ta tashi. Sumul, ba ɗingishi. Aruna ya daɗe yana saurare.

"Ba shi ba ne," ya ce.

"Masta, ai lafiya ta samu."

"Lafiyar asibiti."

Ya lalubi sabuwar na'urar har ya gano ƙusa guda da ta yi kama da wadda ya sani. Ya murɗa. Ɗingishin ya dawo, fuskarsa ta saki. Kafin shayi ya huce, ƙwaƙwalwar ta gyara, bugun ya koma sumul. Washegari ya ƙara murɗawa, ta ƙara gyarawa. Haka suka yi ta yi. Shi a ganinsa Talatu ce ke neman muryarta, wani abu yana danne ta. Ni ban san komai a kan mota ba, amma na ce masa ko ya tambayi masu garejin. Ya ce bai taɓa tambayar kowa yadda zai ji Talatu ba.

Ranar wasan ya sa farar riga, ya ɗaura tutar Ghana a wuya. Na buɗe musu ƙofa. Kafin la'asar sai ga motar janwe ta dawo da su. Talatu ta mutu a fitilar hanya a Al Mirqab, tsakiyar taron masu ganguna, ta ƙi tashi.

Mai garejin ya zo da kwamfutarsa ya jona. Bai daɗe ba ya ce an juya ƙusar da ba a taɓawa, har ƙwaƙwalwar ta kai iyakar gyaran da za ta iya. Ya mayar da ita daidai, ya ɗiga mata jan fenti don a gane in an sake taɓa ta.

Aruna ya ce, "Ni ne."

Ɗan maigida ya dafa kafaɗarsa. Ya ce aikinsa yana nan, ɗakinsa yana nan, ya riƙa wanke ta yana gogewa. Amma buɗe bonet, khalas, ya ƙare ke nan.

Ya yi ta wanke ta har aka gama gasar. Yana gogewa a hankali, ba ya tashinta. In ɗan maigida ya zo ya kunna, sai Aruna ya koma can bayan ginin don kada ya ji ta. Wata safiya ya zo kujerata ya ce, "Malam, wankin mota kowa ya iya. Zan koma gida." Abu ɗaya ya roƙa, tsohuwar kafiretar da aka jefar a kusurwar rumfa. Ya wanke ta da fetur, ya shanya, ya naɗe ta a cikin tutar.

Talatu tana nan a rumfa, ba ta ƙara mutuwa ba. Masta Aruna yana Kumasi, a gidan Fausiya, kafiretar tana kan tebur a ɗakinsa.