Hasken Tocila a Tafin Ɗan Farina

Ko da zan manta da ranar aurena, ba na jin zan manta da wani hantsi a Wara, shekara guda bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Lokacin shekaruna goma sha tara, ina goye da ɗan farina mai wata bakwai.

A gungunmu da ke tsakiyar tafkin Kainji, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa ko a mafarki. Nawa ya zo da ƙari, don sunan mahaifin mijina aka sa masa. Ni kuma na ɗauki abin da zafi har na fi waɗanda suka koya mini, don ina son a riƙa cewa na iya kunya. In yana kuka sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, har sai uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta yi mini tsawa in ba shi nono. Ita ce ke ce masa maigidana, tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba.

Sai gudawa da amai suka kama shi. Cikin kwana biyu maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma. Mijina yana can wajen Shanga kamun kifi, don haka Inna ta samo mai kwale-kwale muka nufi Wara. Har yau tafiyar nan kamar a barci nake ganinta. Ruwan ya kwanta luf, ya haɗe da sama, ba ka sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ba na jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili da ɗan numfashinsa a bayana. Tsoro ya cika mini ciki, amma fuskata a bushe take, don Inna na zaune tana fuskantata.

Asibitin da muka je ɗaki biyu ne. Mun tarar da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, Kirista daga ƙauyukan kan tudu, kowa Sista yake ce mata. Ta ce ruwan jikinsa ya ƙare, sai an yi masa ƙarin ruwa. Ta nemi jijiya a hannu, ta nema a ƙafa, ta koma ɗaya hannun. Sau uku allura na shiga ba ta samu ba, duk jijiyoyin sun lafe. Kukansa ma ya daina fita sosai. Ni kuwa gwanar kunya ina bakin ƙofa ina kallon bango.

Inna ta miƙe ta ce, "Ya isa hakanan. Kin mai da min miji awa rariya. Ba ni shi, in mutuwa ta, ya mutu ɗakinai."

Sista ta ce, "Inna, in kunka hita da yaron ga, ba shi kai gungu da rai. Ki ba ni dama guda. In na kasa, ku tahi."

Ta roƙi gwadon da Inna ta yafo, ta ɗauko wata 'yar tocila a aljihunta, ta ce hasken rana ya yi yawa, duhu take so. Inna ta matso za ta taimaka, Sista ta ce a'a, hannun tsohuwa ba zai riƙe tocila daidai ba. Sai ta dube ni. "Ke uwatai, taho nan." Na saci kallon Inna, ta juya ta nufi taga. Na taho.

Muka durƙusa a gefen gado, Sista ta lulluɓe mu da gwadon, ni da ita da shi. Duhu ya rufe mu, ga ƙamshin hayaƙin bandar kifi na gida. Ta kunna tocilar ta manna a tafin hannunsa, ta ce in riƙe.

Hannun ya kama da haske ja kamar garwashi. Yatsunsa biyar suka yi jawur, a bayan hannun kuma ga wasu siraran zaruruwa baƙaƙe, sun rarrabu sun sake haɗuwa. Na manta da asibiti, na manta da Inna. Wata bakwai ina satar kallon yaron nan da gefen ido, yau ga shi ina ganin har cikinsa.

Sista ta ce a hankali, "Haske na ratsa nama, amma jini na shanye shi. Inda kig ga baƙi, nan jini shike. Ba yanka, ba tsaga. Ga jijiyar da nika so can."

Tana kawo allura ya fizge hannun, zaren ya ɓace. Ta ce, "Yi mai magana. Kira sunanai."

Na ce, "Sista, ɗan hwari na."

Ta ce, "Ɗiyata, nan ciki ba kowa sai ni da ke da Allah."

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Na sake gwadawa ya fito, a hankali. Na ƙara kira, na ƙara. Ya ɗaga idanunsa da ƙyar ya dube ni cikin jan hasken nan, hannunsa ya saki a nawa. Sista ta tura allurar. Na ga ɗan jini ya biyo baya, na ji ta sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin na san kuka nake yi.

Da aka yaye gwadon, Inna na nan bakin taga ta ba mu baya. Ruwa ya shiga ɗiga cikin roba, ɗis, ɗis. Kafin la'asar ya kama nono. Kwana uku muka yi, kuma duk kwanakin nan ina jiran faɗa, don na san ta ji ni ina kiran sunan marigayi mijinta, ba sau ɗaya ba. Faɗan bai zo ba har muka kai tsakiyar tafki a hanyar gida. Nan Inna ta shafa gwadon a cinyarta, idonta na kan ruwa, ta ce, "Wanga gwado kauri garai. Wanda ke waje ba shi jin komi."

Yanzu in na je asibiti suka maƙala mini ɗan abin nan mai jan haske a yatsa don auna bugun zuciya, jikokina kan tambaye ni abin da nake wa murmushi. Ubansu dai, ɗan farin nan nawa, ya girma, har furfura ta fara fito masa, kuma har gobe ba na faɗin sunansa a bainar jama'a. Amma tun daga hantsin nan na gane kunya don mutane ake yinta, a gabansu ya kamata ta tsaya. Yaro bai san kunya ba, muryar uwarsa ya sani, kuma saura ƙiris nawa ya bar duniya bai taɓa jin na kira shi ba.