Gidajen Sarautar Misira a Zauren Mahaifina

A zamanin Turawa, ina koyarwa a makarantar elementare ta Argungu, aka aiko mana da littafin tarihi mai jera gidajen sarautar Misira ta dauri, wajen talatin, kowane gida da Fir'aunoninsa. Ban yi mako ina karantar da shi ba sai labari ya isa Birnin Kebbi, ga mahaifina, malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. Ya aiko da takarda ta ajami mai layi biyu: in zo in wanke kaina, ko in ajiye aikin.

Ina son aikin nan matuƙa. Na hau doki ranar Alhamis, na ratsa fadamar Zauro ruwa na janyewa, na same shi bayan la'asar.

Ba koyarwar kanta ta dame shi ba. A wurinmu ba a ambaton sarkin da ya shuɗe a bar sunansa tsirara. Sai an bi shi da "Allah ya ji ƙansa". Fir'auna kuwa "la'ananne" ake bin sa da shi.

Ya ce, "Malam ƙarami, wace kalma kaka bin su da ita? In rahama ce, ka roƙa ma wanda ya ce shi ne Ubangiji. In la'ana ce, ka tsine ma bayin Allah da ba su yi maka komi ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban bi su da komi ba."

"Haka nan, kamar kana ƙidayar awaki?"

Na buɗe littafin, na bayyana masa cewa gida na karɓar mulki daga gida, kuma koginsu yana cika ya janye ya bar laka, su shuka, tamkar namu.

"Ashe manoman fadama ne," in ji shi, fuskarsa ta ɗan saki. "To, wane ne cikinsu ya nutse a teku?"

"Masana ba su daidaita a kansa ba."

Ya jima yana duban hotunan da ke cikin littafin. Da ya iso kan wata mace da ta yi sarauta har ana sassaƙa siffarta da gemun aro, ya yi dariya sai da rawaninsa ya karkace, ya ce a kira masa ƙanensa ya gani.

Da ya natsa, ya yanke hukunci: in karanta su duka, a ƙarshen kowane gida in ce "Allah ne masanin makomarsu", ɗalibai su amsa.

"Wanda ya nutse kuwa, ya san kansa. Koma ga aikinka."

Na kama hanya da safe ba littafin, domin ya riƙe shi aro, bai kai gida na ashirin ba tukuna.