Shamuwar da Inna ta gani a Yanbu

Bayan rasuwar Baba na ɗauko Inna daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, na kawo ta wurina a Madina, inda nake aikin haɗa magunguna. Kowa ya ce ta dace, za ta ƙarasa kwanakinta a birnin Manzo. Ita ma haka take faɗa in an yi baƙi. Amma a gidanmu na unguwar Ƙurban wuni take a bakin taga, ta yi wa jikokinta Hausa su mayar mata da Larabci. Daga baya ciwon ƙoda ya kama ta, aka ɗora ta a kan wankin ƙoda a asibiti. Likita ya ce maganar komawa ƙauye ba ta taso ba.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da Inna ke kira aikin banza. In na samu hutu nakan ɗauki kyamara in nufi gaɓar tekun Yanbu, wurin da aka keɓe wa tsuntsaye, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri.

"Ƙato da kai, da gemu, kana bin tsuntsu," in ji ta. "Da kamowa kake yi mu sa a miya, da na ce sannu."

Wata Asabar, zafi bai kankama ba, na lallaɓa ta ta bi ni. Na tura ta a keken marasa lafiya har bakin ruwa, na kafa kyamara. Ga zalɓe, ga balbela, ga wasu dogaye masu ruwan hoda suna tsaye da ƙafa ɗaya. Ko a jikinta. Can sai ta riƙe mini hannu.

"Kai, dubi can. Shamuwa."

Wani baƙin tsuntsu ne mai farin ciki ya sauka a kan taɓo. A garinmu in shamuwa ta sauka kan tsamiya, an san damina ta matso, sai a shiga gyaran gona a fito da iri, kuma ba mai jifanta. Inna ta gyara zama, muryarta ta koma irin ta da. Ta shiga lissafa mini inda za a sa gero da inda za a sa gyaɗa, da kuɓewarta ta bayan ɗaki.

"Ka mai da ni gida kafin shuka. In ga ruwan fari kawai, sai ka dawo da ni."

Sai na fake da kyamara. Na ɗauki tsuntsun, na jawo hoton kusa, na miƙa mata don ta ji daɗi. Ta daɗe tana kallo.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Wannan bakinta ja ne. Tamu akwai shuɗi a fuskarta."

Gaskiyarta, dangin shamuwa ce kawai, mai wucewa. Ta miƙo mini kyamarar, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. Tun daga ranar ba ta sake tayar da maganar gida ba. Wallahi na fi son ta yi ta yi mini faɗa a kan wannan shirun.

Da shamuwa ta sauka a garinmu, na sa ƙanwata da ke can ta ɗauko hotonta a waya, tana kan tsamiyar bayan gidanmu. Na kai wa Inna a gadon asibiti, ina ta rawar jiki. Ta kawar da kai.

"Ajiye abin nan. Ba a hannu ake ganin shamuwa ba, kai ake ɗagawa."

Da ta rasu, a maƙabartar Baƙi'a muka binne ta. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ta samu abin da kowa ke roƙo, ina amsawa da amin, kuma na yarda da hakan. Ranar sadakar uku ƙanwata ta kira tana kuka, da kyar nake jin muryarta saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Ruwan fari ne ya sauka, ta ce ba ta san inda Inna take so a sa gyaɗa ba. Na gaya mata.