Akwatin Baba da Bahago

Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi yana abota da mutumin da bai taɓa gani ba, bai san sunansa ba, ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Idan na faɗi haka sai a riƙa kallona kamar na ƙara gishiri. Ban ƙara komai ba. Akwatin yana nan a ɗakina, mai shakka ya zo ya gani.

Baba kafintan majalisar gari ne. Shagonsa wani ɗan ɗaki ne a bayan ofis, tsakanin sito da inda direbobi ke wanke mota. Aikinsa bai wuce gyaran tagogi da allunan makarantu da kujerun da akawuna suka karya da yawan zama ba. Kullum da fensir a bayan kunnensa, har yakan kwanta da shi sai Inna ta zare. Ba shi da yawan magana. Idan ka kawo masa kujera, ita yake fara gaisarwa da hannu kafin ya ɗago ya dube ka.

Ina aji uku a firamare aka ƙulla ƙawance tsakanin garinmu da wani gari na ƙetare, can bayan teku. Sunan garin ya yi wa bakinmu nauyi, sai kowa ya koma ce masa Garin Ƙawa. Aka yi taro, aka sha jawabai, aka jera mu a rana muna kaɗa 'yan tutocin takarda har wata a ajinmu ta suma. Cikin abubuwan da aka sa wa hannu har da musayar kaya. Duk farkon shekara za mu aika musu da zane-zanen 'yan makaranta da hotuna da littattafai da aikin hannu, bayan wata shida su dawo mana da nasu a cikin akwati guda ɗin nan. Baba aka ce ya yi akwatin. Ya yi shi da jan katakonmu, babba, sai mutum huɗu suke ɗaga shi.

Ranar da akwatin ya fara dawowa ina shagon, na kai masa abincin rana. Kowa na rububin ganin abin da ke ciki, shi kuwa Baba ya durƙusa a gefe yana shafa wata kusurwa. Ashe ta fashe a hanya, wani a can ya gyara. An yanke inda ya fashe, an sassaƙa wani farin katako an cusa shi daidai wa daida, babu ƙusa, babu gam. Baba ya jima yana kallo har abincin ya huce.

"Wannan bahago ne," in ji shi.

"Baba, ta yaya ka sani?"

"Dubi inda zartonsa ya karkata. Mai dama ba ya yanka haka." Ya ƙara shafa kusurwar, sannan ya ce, "Kuma ya fi ni."

Da aka kwashe kayan sai ga wani mariƙi na katako a ƙasan akwatin, an naɗe shi a takarda. A jikin akwatin kuma an huda ramuka huɗu daidai da shi, amma ba a ɗaura ba. Mai sito ya ce mantuwa ce. Baba ya tuntsire da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi a wurin aiki ba. Ya ce, "Mutumin da ya yi waccan kusurwar ba ya mantuwa. Aiki ya bar mini."

Daga nan abin ya soma. Baba ya ɗaura mariƙin, ya ƙera wata 'yar ma'ajiyar hotuna a ciki, ya bar ta babu murfi. Bayan wata shida ta dawo da murfi mai zamewa kamar an shafa masa mai, an kuma bar masa ƙafa ɗaya ta akwatin a gajarce. Haka suka yi ta yi. Kowa ya gama aikin da aka bar masa, ya bar wa ɗan'uwansa wani. Wani lokaci da tsokana. Akwai shekarar da Bahago ya yi wata sakata ta ɓoye wadda sai da Baba ya kwana tara kafin ya gano yadda ake buɗe ta. Kwana taran nan babu wanda ya ji daɗinsa a gida.

"Malam, ka ci abinci," in ji Inna. "Mutumin nan yana can yana sharar barcinsa, kai kana nan kana ramewa."

"Ba barci yake ba. Dariya yake mini, ina jin sa."

"To ka rubuta masa wasiƙa mana, kamar sauran mutane."

"In ce masa me? Ai mun gama magana."

A hankali akwatin ya zama rabi ja rabi fari, faci a kan faci, ya yi nauyin da direbobi ke tsine masa duk shekara. Ni kuma na girma da ƙamshinsa. Idan aka buɗe shi wani ƙamshi ke tashi na katakon da ba namu ba, mai sanyi-sanyi, wanda yakan kama littattafan da ke ciki. Har yau in na ji makamancinsa sai in ga kaina da kayan makaranta, ina zaune a kan bencin Baba ina kaɗa ƙafa.

Ga inda raina yake ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Duk shekara akan tura tawaga Garin Ƙawa. Kansiloli sun je, matansu sun je, shugabannin makarantu sun je, har wani da aikinsa kawai riƙe wa shugaba jaka ya je sau biyu. Sunan Baba bai taɓa shiga takardar ba. Idan sun dawo da rigunan sanyinsu da hotunansu, sai ya bi su a baranda yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, ko kun ga kafintansu?"

"Wane kafinta kuma?"

Sai ya ce babu komai, ya koma shago. Ni nake yin fushin a madadinsa, shi ko a jikinsa.

A shekara ta ashirin da biyar, lokacin ina koyarwa har zanen 'yan ajina na shiga akwatin, Baba ya bar wa Bahago gyaran wani hinji, ƙarfen da ke riƙe murfi. Akwatin ya dawo da hinjin yadda ya tafi. Baba ya ce ƙila tsokana ce. Ya fitar da komai, ya bi kowace kusurwa da tafin hannu, ya kifa shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Babu sabon aiki ko ɗaya. Ya zauna a kan benci ya zare fensir daga kunnensa ya ajiye. A ranar na fara ganin tsufa a fuskarsa, kuma na ji tsoro.

Ni na rubuta wasiƙar da ya ƙi rubutawa duk shekarun nan, zuwa ga kafintan majalisar Garin Ƙawa. Malamar da ke yi wa tawaga tafinta ta juya mini ita zuwa harshensu. Bayan wata uku amsa ta zo daga matar mutumin. Ta ce mijinta yana raye, amma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ɓarin hagu. Ba ya magana sosai, ba ya iya riƙe ko cokali da hannun. Ta ce da watan zuwan akwatin ya kama sai ya sa aka juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa.

Kamar haɗin baki, a shekarar aka kawo sabon sakatare, matashi mai son tsari, ya sayo akwatunan ƙarfe masu taya. Ya ce an daina wahala da tsohon katako. Baba kuma saura masa wata huɗu ya ajiye aiki. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin, na bi shi.

"Baba, wannan akwatin ai ya fi kayan cikinsa nauyi," in ji sakatare. "Ka bar shi ya huta."

"Ranka ya daɗe, tafiya ɗaya nake roƙo. Akwai wanda ke jiransa."

"Wa ke jiransa? Ba ni da sunan kowa a takarda."

Na ji maganganu sun taso mini har wuya, irin waɗanda in na faɗa sai an kore mu. Baba ya taɓa hannuna. Sai na haɗiye, na ce, "Yallaɓai, a cikin duk abin da aka yi musaya shekara ashirin da biyar, wannan kaɗai ne garuruwan biyu suka yi tare da hannunsu. A tura shi a matsayin abin nuni." Na ga idonsa ya yi haske. Ya ɗauki biro ya rubuta maganar, daga baya na ji ta a jawabinsa kamar shi ya ƙirƙiro. Ban damu ba, tunda ya sa hannu.

Mako uku Baba ya yi a kan akwatin. Ya gyara hinjin da kansa. Sannan ya huda rami ɗaya a bakin murfin, ya sassaƙa ƙusar katako mai kaurin ɗan yatsa, ya goge ta har tana sheƙi, ya shafa mata kyandir don ta yi santsi, ya ɗaure ta da zare kusa da ramin.

"Baba, wannan ai kowa ma zai iya."

"Shi ya sa." Ya rufe murfin ya nuna mini yadda yake girgiɗi. "Amma duba, in ba a buga ta ba murfin ba zai zauna ba. Aiki ne na gaske. Ba na so ya ga kamar tausayinsa nake ji."

Na rubuta wa matar cewa don Allah a kai masa akwatin har gida. Shi ke nan, aka tafi da shi.

Wata shida suka wuce, na bakwai ya kama. Baba ya riga ya ajiye aiki, amma duk Litinin sai ya je ya zauna wurin mai sito, wai ya zo gaisuwa. Inna ta daina tsokanarsa. Babu wanda ya furta abin da muke tsoro, wato a buɗe a tarar da ƙusar tana lilo a jikin zarenta.

Wata Laraba da hantsi mai sito ya aiko. Na bar aji na ɗauko Baba muka tafi. Akwatin na tsakiyar sito, kusa da na ƙarfen. Baba bai ko gaisa da kowa ba, ya durƙusa.

An buga ƙusar. Rabinta kawai ya shiga, a karkace, kanta ya ɗan tsage. Kewaye da ramin duk tabon guduma ne inda aka yi ta kuskurewa. Baba ya bi tabban da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Sha ɗaya," in ji shi. "Da dama ya buga. Bai bari kowa ya taya shi ba." Hawaye na bin gemunsa, yana murmushi.

Mai sito ya miƙo masa guduma. "Ga shi, Baba, ya bar maka rabi. Bugu biyu ka gama."

Baba ya dubi gudumar, ya girgiza kai. "In na ƙarasa, mun gama ke nan."

Sakatare ya bar masa akwatin, muka kai shi gida. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kullum yana goge shi, bai taɓa kai guduma kusa da shi ba. Yanzu zannuwana nake ajiyewa a ciki. Murfin ba ya rufuwa sosai, ƙura na shiga, ƙusar kuma ta sha kama mini gefen mayafi. Maigidana ya ce in bari ya buga ta a huta, aikin minti ɗaya ne. Na ce masa duk abin da ke gidan nan ya taɓa, amma ban da wannan.